Band on the Run: faifan Paul McCartney da aka ɗauka a Legas

Band on the Run faifan waƙoƙin rok ne na Paul McCartney da ƙungiyarsa ta Wings, ya fito a ƙarshen shekarar 1973 a ƙarƙashin kamfanin Apple. Waƙoƙi 9 ne a bugun Ingila, 10 a na Amurka. Masu bin irin wannan kiɗa da yawa suna ganin shi ne aiki mafi ƙarfi da McCartney ya yi bayan watsewar tsohuwar ƙungiyarsa ta Beatles a 1970, kuma abin da mutanenmu da dama ba su sani ba shi ne akasarin faifan a nan Najeriya aka ɗauke shi, a situdiyon kamfanin EMI da ke Apapa a Legas, daga baya aka ƙarasa a Landan.

Yadda aka zaɓi Legas

Wings ta kafu a 1971, ta fitar da faifai biyu, Wild Life da Red Rose Speedway, sun samu kasuwa daidai gwargwado amma masu sharhi ba su yaba sosai ba, kullum sai an auna mutumin da abin da ya yi a Beatles a ce bai kai ba. To ya gaji da ɗaukar waƙa a Ingila, sai ya nemi EMI su ba shi jerin situdiyoyinsu na ƙasashen waje, ya duba ya ga Legas, ya ce can za su je. A tunaninsa da rana a sha iska a bakin teku da dare a shiga aiki. Bai bincika komai ba. A lokacin sojoji ne ke mulki, Janar Yakubu Gowon ne shugaban ƙasa, yaƙin basasa bai kai shekara huɗu da ƙarewa ba, kuma watan da suka zaɓa damina ce.

Tun kafin a tashi ma tafiyar ta fara tangal-tangal. Bayan atisayen da suka yi a gonar McCartney a Sukotilan, mai jita Henry McCullough ya bar ƙungiyar, sannan ana gobe tafiya mai ganga Denny Seiwell shi ma ya ce ba da shi ba. Mutum biyar suka koma uku: Paul, matarsa Linda, da Denny Laine. Suka ɗauki injiniyan sauti Geoff Emerick, wanda ya yi aiki da Beatles a faifai irin su Revolver da Abbey Road, suka sauka Legas a watan Agusta 1973. Gidajen da suka kama suna Ikeja kusa da filin jirgi, tafiyar kamar awa ɗaya zuwa wurin aiki.

Situdiyon da yadda aka yi aikin

Nan ne zancen yake. Situdiyon yana titin Wharf a Apapa, ba a ma gama haɗa shi yadda ya kamata ba, teburin sarrafa sauti yana da matsala, na'urar ɗauka kuma guda ɗaya ce tak, ƙirar Studer mai layi takwas. A Landan a wannan lokacin manyan situdiyoyi sun riga sun koma layi 16.

Ga wanda ya tashi a zamanin kwamfuta, inda yaro zai buɗe layi hamsin a laftof yana kwance a ɗaki, sai an ɗan yi bayani. Tef ne mai faɗi yana juyawa daga faranti zuwa faranti, an raba faɗinsa gida takwas, kowane gida yana ɗaukar sauti ɗaya da za a iya ƙara masa ƙarfi ko a rage daga baya. Ganguna kaɗai suna cinye layi biyu ko fiye, ga jitar bes, ga jita biyu, ga piyano, ga muryar mai waƙa, ga 'yan amshi, kafin ka ankara takwas ɗin sun cika. Idan suka cika sai injiniya ya haɗe layi uku ko huɗu ya zuba su a layi ɗaya ya goge na asali don a samu wuri, kuma da zarar an haɗe shi ke nan, ba gyara, idan ganga ta danne jita haka za ta zauna har abada. Saboda haka dole a yanke shawara tun da wuri, a saurara da kyau kafin a danna.

Sai kuma matsalar mutane. Ƙungiyar rok a al'ada tare take bugawa, mai ganga da mai bes da mai jita su kafa ginshiƙin waƙa lokaci ɗaya. Su kuwa ba mai ganga. Sai McCartney ya zauna a kan gangunan da kansa, Denny Laine ya riƙe jita, su biyu su fara shimfiɗa waƙar, sannan a mayar da tef baya Paul ya sa abin sauraro a kunne ya ɗora bes a kan gangar da ya buga da hannunsa, a sake mayarwa ya ɗora jitar gaba, Linda ta sa nata a kan kibod da na'urar kiɗan lantarki ta Moog, daga ƙarshe su uku su taru a makirfo su yi amshi. Kamar mai ginin ƙasa ne, a ɗora sahu a jira ya sha iska a ɗora wani. A ganina wannan takurar ce ta ba faifan irin sautinsa. Gangar ba ta da ƙwalisa, kai tsaye take tafiya, akwai fili a tsakanin kayan kiɗan, kuma da yake mutum ɗaya ne ya buga ganga da bes sai ka ji sun manne da juna sosai. Ku saurari Let Me Roll It, jita ɗaya mai kaushi tana ta maimaita kanta, murya da amsa-kuwwa, ba tarkace, za ku gane abin da nake nufi.

Mamunia ita ce waƙar farko da suka ɗauka a Legas, ana tafka ruwan sama a waje, kuma waƙar kanta zancen ruwa take yi, sunan kuma daga wani otal ne a Marakesh ta ƙasar Maroko. Ana cikin ɗaukar Mrs Vandebilt aka ɗauke wuta, da janareta aka ci gaba.

Fashi da rashin lafiya

Wani dare Paul da Linda suka fita da ƙafa duk da an gargaɗe su, 'yan fashi suka tare su da wuƙa suka kwashe abin da ke jikinsu, har da jakar da ke ɗauke da littafin da ya rubuta baitocin waƙoƙin da hannu da kaset-kaset na gwajin da ya yi a gida. Ga mawaƙi wannan ya fi kuɗi ciwo. Sai da ya zauna ya tuno waƙoƙin da ka, aka ɗauke su yadda ya tuna. Wata rana kuma yana tsakiyar saka murya numfashinsa ya sarƙe, aka fito da shi waje ya sha iska sai ya yanke jiki ya faɗi, Linda ta ɗauka bugun zuciya ne, likita ya ce shaƙewar hanyar numfashi ce sakamakon yawan shan taba.

Fela Kuti da Ginger Baker

Mawaƙi Fela Kuti ya fito fili ya zargi baƙin da cewa sun zo satar kiɗan Afirka ne. Ni dai ban ga laifinsa ba ko kaɗan, don an daɗe ana kwasar kiɗan baƙar fata a kai Turai da Amurka a yi arziki da shi masu abin ba su samu komai ba, mutum kamar Fela da ya san wannan tarihi dole ya tsargu idan ya ga tsohon ɗan Beatles yana zuwa gidan rawarsa yana sauraro. McCartney ya gayyace shi situdiyo ya kunna masa abin da suka ɗauka, Fela ya ji babu kiɗansa a ciki, ƙura ta lafa. Shi McCartney ya sha faɗa daga baya cewa kiɗan da ya ji a wurin Fela sai da ya sa shi hawaye. Amma dai sakamakon shi ne ba wani makaɗin Legas da ya buga a zaman Apapa, abin da har yanzu nake jin takaicinsa, don garin cike yake da gwanaye a lokacin. Ɗan Najeriya ɗaya da ke cikin faifan shi ne Remi Kabaka, ya yi kiɗa a waƙar Bluebird, shi ma a Landan aka ɗauki nasa.

Ginger Baker, tsohon mai gangar ƙungiyar Cream, yana zaune a Legas a lokacin yana da situdiyonsa mai suna ARC a Ikeja, ya so a ce a wurinsa aka yi duka aikin. Suka je na kwana ɗaya, suka yi aiki a kan Picasso's Last Words, Baker ya sa tsakuwa a gwangwani yana kaɗawa kamar caki, kuma yana nan a cikin waƙar. Ita wannan waƙa a Jamaika aka fara ta, ɗan fim Dustin Hoffman ne ya ƙalubalanci McCartney ya yi waƙa nan take a kan kalaman ƙarshe na mai zane Pablo Picasso wanda ya mutu a Afrilun shekarar.

Ƙarasawa a Landan

Sun koma Ingila a ƙarshen Satumba. A watan Oktoba suka shiga situdiyon AIR na George Martin, furodusan Beatles, aka juye tef ɗin Legas zuwa na'ura mai layi 16 don a samu wurin ƙari. Waƙar Jet gaba ɗayanta a Landan aka ɗauke ta. Howie Casey, tsohon abokin Paul tun Libaful, ya busa saksofon. Tony Visconti ne ya rubuta tsarin kiɗan goge da kakaki cikin 'yan kwanaki, har da makaɗa kusan 60 da suka buga ɗan gajeren wurin nan a waƙar Band on the Run inda take tashi daga kashi na biyu ta faɗa na uku, don waƙar gida uku ce aka ɗinke, ta fara a hankali cikin ƙunci, ta yi zafi, sannan ta buɗe da jita mara lantarki. Ba a rubuta aikin Visconti yadda ya dace a jikin faifan ba sai a bugun cika shekara 25. Waƙar Helen Wheels, da aka ɗauka a Legas, ita kaɗai aka fara sakinta, kamfanin Capitol ne ya matsa aka saka ta a bugun Amurka.

Hoton bangon Clive Arrowsmith ne ya ɗauka a Osterley Park ranar 28 ga Oktoba 1973, su ukun da wasu sanannun mutane shida, cikinsu da 'yan fim Christopher Lee da James Coburn da ɗan dambe John Conteh, duk cikin baƙaƙen kaya kamar fursunonin da fitila ta kama suna shirin tserewa.

Karɓuwa

Da farko a hankali ya fara tafiya a kasuwa, sai da aka saki Jet da Band on the Run a rediyo sannan ya hau mataki na ɗaya a Amurka da Birtaniya a 1974. A 1975 ya ci kyautar Grammy biyu, ɗaya ta ƙungiyar, ɗayar kuma ta Geoff Emerick ce ta ƙwarewar ɗaukar sauti, da tef ɗin da aka faro a na'ura mai layi takwas a Apapa. A 2024, don cika shekara 50, an sake fitar da faifan tare da wani haɗi da Emerick ya yi a Oktoban 1973 kafin a ɗora goge da sauran ƙari, a nan ne mutum zai fi jin aikin su ukun yadda suka baro Legas da shi.