Serhiy Prytula

Serhiy Prytula ɗan ƙasar Yukren ne, mai gabatar da shirye-shirye a rediyo da talabijin, ɗan barkwanci kuma, wanda daga baya ya ɗan tsoma ƙafa a siyasa, sannan tun 2022 aka fi saninsa da tara wa sojojin ƙasarsa kuɗi. An haife shi ran 22 ga Yuni 1981 a garin Zbarazh na yankin Ternopil a yammacin ƙasar, lokacin Yukren tana cikin Tarayyar Sobiyet. Ya kwashe sama da shekara ashirin yana magana a makirfo da gaban kyamara, mafi yawa a tashar talabijin ta Novyi Kanal.

Asali da karatu

Zbarazh ƙaramin gari ne arewa maso gabas da birnin Ternopil, abin da aka san shi da shi a tarihi shi ne tsohuwar ganuwarsa da ƙawanyar da mayaƙan Bohdan Khmelnytsky suka yi mata a 1649. Yankin ya daɗe ƙarƙashin daular Ostiriya, sannan Folan, sai a 1939 Sobiyet ta shigo, shi ya sa mutanen wajen suka riƙe yaren Yukren gam a gida da kasuwa, ba kamar manyan biranen gabas ba inda Rashanci ya yi kane-kane. Wannan ya bi Prytula har cikin aikinsa. Ya karanta harkar kuɗi a babbar makarantar tattalin arziki ta Ternopil, amma dai ba a banki ya ƙare ba.

Rediyo da barkwanci

Wajajen 1998, yana ɗalibi, ya fara aiki a gidan Rediyon Ternopil, tashar FM ce ta cikin gari, yana amfani da laƙabin Siryi. Lokacin tashoshin FM masu zaman kansu sabbi ne a ƙasar, ba a daɗe da fita daga zamanin rediyon gwamnati ba inda mai karanta labarai ba ya ko murmushi, to sai ga samari suna hira kai tsaye suna ɗaukar wayar masu saurare suna tsokanar juna tsakanin waƙa da waƙa, kuma a nan ya koyi abin da ya ci da shi daga baya, wato iya mayar da magana nan take ba tare da takarda a hannu ba.

A lokaci guda yana wasa a KVN, gasar barkwanci ce tsakanin ƙungiyoyin ɗalibai da aka fara a talabijin ɗin Sobiyet tun 1961, ta kuma ci gaba bayan rushewar tarayyar. Kusan duk wani babban ɗan barkwanci na Yukren ta nan ya bi, har da Volodymyr Zelensky da tawagarsa ta Kryvyi Rih. Wajen 2006 Prytula ya shiga Comedy Club na Yukren da sunan Siryi na Ternopil, ya yi 'yan shekaru a ciki, yawancin abokan wasansa da Rashanci suke yi, shi ko da yaren gida.

Shekarun Novyi Kanal

A 2008 ya samu shiga Pidyom, shirin safe na Novyi Kanal, tare da Olha Freimut da Oleksandr Pedan. Su ukun nan ne suka sa shirin ya yi suna, suna zaune a situdiyo da sassafe suna karɓar baƙi suna yi wa juna shaƙiyanci, mutane na kallo suna shirin fita aiki. Sun yi wajen shekara uku tare kafin kowa ya kama nasa, Freimut ta tafi ta yi Revizor, shirin da take shiga otal da gidajen abinci da farin safar hannu tana duba datti, Prytula kuma ya yi wani shiri da Pedan mai ɗauke da sunayensu su biyu, ya kuma jagoranci zaman muhawarar da ake yi bayan Revizor inda masu gidajen abincin ke zuwa su kare kansu.

Wanda ya fi daɗewa a kai shi ne Khto Zverkhu, gasa tsakanin maza da mata da aka fara wajen 2012, shi ke jan tawagar maza, Freimut ke jan ta mata, daga baya Lesia Nikitiuk ta karɓe ta. Gaskiya shirin ba wani zurfi gare shi ba, wasanni ne da gatse tsakanin jinsi biyu, amma ya sa fuskarsa ta shiga kowane gida. Ya kuma gabatar da Superintuitsiia.

Yana da kyau a san cewa manyan tashoshin ƙasar a lokacin duk na attajirai ne, Novyi Kanal da STB da ICTV na kamfanin StarLightMedia ne na Viktor Pinchuk, 1+1 na da alaƙa da Ihor Kolomoisky, tashar Ukraina kuma ta Rinat Akhmetov. Prytula a ɓangaren nishaɗi ya tsaya, bai yi aikin labarai ba.

Varyaty da batun harshe

Aikin da shi kansa ya gina shi ne Varyaty, ƙungiyar 'yan barkwanci samari daga Ternopil da ya tara ya zama furodusansu, suna zagaya garuruwa suna wasa a dandamali, daga wajen 2016 kuma shirin ya zauna a Novyi Kanal. Abin da ya bambanta shi shi ne kaf ɗinsa da yaren Yukren ake yi, har da karin harshen yammacin ƙasar, a lokacin da masu tashoshi da yawa ke ganin barkwanci ba ya sayuwa sai da Rashanci, domin in an yi da Rashanci ana iya sayar da shi a Rasha da sauran tsoffin ƙasashen Sobiyet. Kvartal 95, kamfanin barkwanci na Zelensky, wanda ya fi kowa kasuwa, a lokacin galibi da Rashanci yake. Bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014 sai iska ta juya, a 2016 aka yi dokar da ta ware wa waƙoƙin yaren Yukren kaso a rediyo, a 2017 aka yi wata da ta ce kashi 75 cikin ɗari na shirye-shiryen manyan tashoshin talabijin su kasance da yaren ƙasa. Masu gabatarwa da yawa sai a lokacin suka koma gyara harshensu, shi kam dama can a ciki yake.

Eurovision

Daga 2017 zuwa 2020 shi ya gabatar da Vidbir, gasar da ake zaɓen wanda zai wakilci Yukren a gasar waƙa ta Eurovision. Ta 2019 ce ta jawo ƙura, domin an yi wa wasu mawaƙan tambayoyi kai tsaye a dandamali kan Kirimiya da kan wasannin da suke yi a Rasha, shi da alƙaliya Jamala suna cikin masu tambayar. Mawaƙiya Maruv ce ta ci, amma ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar gidan talabijin na ƙasa, na biyu da na uku su ma suka ƙi, Yukren ba ta je gasar da aka yi a Tel Aviv ba a shekarar. Wasu sun yaba masa, wasu sun ce ya mayar da gasar waƙa kotu.

Siyasa

A zaɓen majalisa na 2019 ya tsaya a jam'iyyar Holos ta mawaƙi Svyatoslav Vakarchuk, shi ne na 30 a jeri, jam'iyyar ta samu kujera 20, bai shiga ba. A 2020 ya nemi magajin garin Kyiv ya zo na uku da kusan kashi 8 cikin ɗari, Vitali Klitschko ya ci. Ya bar Holos a 2021, ya bar talabijin a wannan shekarar, ya fara shirin kafa tasa jam'iyyar, yaƙi da Rasha ya tsayar da maganar.

Tara kuɗi

Tun 2014 yake tara kuɗi yana kai wa sojoji kaya a Donbas, yankin gabashin ƙasar da ake yaƙi, a 2020 ya kafa gidauniya da sunansa, wadda ta fara da taimakon asibitoci lokacin korona. Bayan mamayar da Rasha ta ƙaddamar ran 24 ga Fabrairu 2022 sai ta zama ɗaya daga cikin manyan gidauniyoyin sa kai a ƙasar, tana sayen motoci da na'urorin gani da dare da rediyon sadarwa da jirage marasa matuƙi. A watan Mayu 2022 shi ya jagoranci gwanjon kofin Eurovision da ƙungiyar Kalush Orchestra ta ci, aka sayar da shi dala 900,000, an kuma yi gwanjon wani zanen Maria Prymachenko a kan dala 500,000.

Wanda ya fi shahara shi ne na watan Yuni 2022. Ran da ya cika shekara 41 ya yi shela, tare da marubucin intanet Ihor Lachenkov, cewa za a tara hirivniya (kuɗin Yukren) miliyan 500 a sayi Bayraktar TB2 guda uku, jirgin nan mara matuƙi na Turkiyya, irin wanda Nijar ma ta saya. 'Yan Lituweniya ne suka fara irin wannan karo-karon wata guda kafin nan. Cikin kwana uku aka tara miliyan 600, kusan dala miliyan 20 a canjin lokacin, sai kamfanin Baykar ya ce zai ba da jiragen kyauta. Kuɗin suka yi saura, a watan Agusta gidauniyar ta sanar cewa ta biya kamfanin ICEYE na Finlan da su, aka ba Yukren amfani da tauraron ɗan adam guda ɗaya da kuma damar samun hotuna daga sauran taurarin kamfanin. Da rada yake ɗaukar hoto, saboda haka gajimare ko dare ba sa hana shi gani, hukumar leƙen asirin soja ce ke amfani da shi. A watan Oktoba, bayan ruwan makamai masu linzami da Rasha ta yi ran 10 ga wata, an tara wajen hirivniya miliyan 352 tare da ɗan fafutuka Serhii Sternenko don jirage masu ƙunar baƙin wake, a Nuwamba kuma aka tara na motocin sulke samfurin Spartan na Birtaniya. Duk ta Facebook da Telegram da manhajar banki ake yi, salon talabijin ɗin ne dai, a sa buri, a sa wa'adi, a riƙa faɗin inda aka kai.

Suka

Masu suka na cewa da taimakon yake gina wa kansa hanyar siyasa, wasu kuma sun ce don jirage suka ba da kuɗi ba don tauraro ba. Gidauniyar na wallafa rahoton abin da ta karɓa da abin da ta kashe. Game da batun siyasar kuwa, ba a yin zaɓe a Yukren ƙarƙashin dokar yaƙi.