Wai ko ruwa ba a sha tun tsakar dare kafin tiyata?

Jama'a wannan magana ta daɗe a bakinmu a Zariya, da an ce gobe za a yi wa mutum ofareshan sai 'yan uwa su ɓoye har gorar ruwa tun sha biyun dare. Na ga wata dattijuwa 'yar Tudun Wada a gadon asibiti, leɓɓanta duk sun bushe sun tsattsage a zafin watan Afrilu, aikinta kuma sai bayan azahar, wallahi abin ya tsaya min a rai.

Tsoron yana da asali. A 1946 wani likita a Amurka mai suna Mendelson ya yi bayanin yadda abin da ke ciki kan taso ya faɗa huhu idan an sa mutum barci. Amma bincike ya nuna ruwa zalla ba ya daɗewa a ciki, shi ya sa tun 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta ce ana iya shan ruwa ko shayi ba madara har saura awa 2, abinci mara nauyi awa 6, mai maiƙo ko nama awa 8, jariri kuma nonon uwa awa 4. Dogon ƙishin nan galabaitar da mara lafiya kawai yake yi, wani lokacin har neman jijiyar sa ƙarin ruwa ya yi wuya.

Sai dai fa koko, kunu da fura da nono duk abinci ne, kar a ce ai ruwa-ruwa ne. Masu ciwon suga, mai naƙuda da aikin gaggawa nasu daban ne, don Allah ku tambayi likitan da zai sa barcin ƙarfe nawa za a daina sha.