Bindiga da doka: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Doguwar bindigar nan AR-15 mashinga ce?

A'a. Duk jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya take fitarwa. Mashinga kuwa muddin yatsa na kan kunama ɓarin wuta take yi har harsasai su ƙare. Kuma AR ɗin daga sunan kamfanin ArmaLite ne. Don Allah a daina haɗa ta da mashinga.

To ke nan ba ta da haɗari sosai?

Wa ya faɗa maka? Da kanta take ɗora harsashi na gaba, kuma gidan harsashinta kan ɗauki 30. Shi ya sa jihohin Amurka irin su Kalifoniya suka hana sayar da wanda ya wuce 10.

A Amurka kowa na iya sayen mashinga?

A'a. Tun 1934 ake yi musu rajista, a 1986 kuma aka hana farar hula mallakar sababbi.

Ina da bindiga bisa doka a wata jihar Amurka. Zan iya tafiya da ita wata jihar?

Nan ne mutane ke jefa kansu cikin rigima, saboda haka a nutsu. Dokar tarayya ta 1986 ta ba ka damar ratsawa ta wata jiha, da sharaɗin an halatta maka riƙe bindigar a inda ka taso da inda za ka sauka. Sai ka cire harsasan, ka sa ta inda hannu ba zai kai ba, kamar but ɗin mota, ko akwati mai kulle in motar ba ta da but. To amma wannan na mai wucewa ne. In ka kwana a hanya ko ka tsaya ziyara, ana iya cewa ka sauka, dokar wannan jihar ta hau kanka. A wurare masu tsauri kamar New York an sha kama matafiya, sai a kotu suke kare kansu. Lasisin ɗaukar bindiga a jiki ma ba kowace jiha ke amincewa da na wata ba. Kada ka tsorata, dubban mafarauta na irin wannan tafiya lafiya. Ka dai karanta dokar kowace jihar da za ka taka, in abin ya shige maka duhu ka nemi lauya kafin ka tayar da mota.

Me ya sa aka fi takura wa ƙaramar bindiga?

Ana ɓoye ta a aljihu, kuma da ita aka fi yin kisa a Amurka. A dokar tarayyar Amurka, sayenta a hannun dillali mai lasisi sai ɗan shekara 21, doguwa kuwa 18. Birtaniya ta haramta kusan dukkansu a 1997, bayan kisan yara a makarantar garin Dunblane da ke Scotland.

Ba harsashi a ciki, zan iya nuna wa abokina da wasa?

A'a. Wannan tambayar ce ta fi ɓata mini rai. Ana cire gidan harsashi, guda ɗaya ya rage a cikin bututu, kuma shi ne ke kashe mutum. Kada ka saita bakinta kan kowa.