Saɓani tsakanin kash da DMA a cikin kanel

DMA hanya ce da na'urori irin su katin intanet ko faifan ajiya ke karantawa da rubutawa a babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato RAM, ba tare da bi ta hannun farosesa ba, wato guntun da ke aiwatar da umarni da lissafin kwamfuta. Dabarar ta daɗe, domin IBM PC ta 1981 ma tana da guntun Intel 8237 mai wannan aiki. Matsalar daga kash take tasowa, wato ƴar ma'ajiya mai sauri inda farosesa ke riƙe kwafin bayanan da yake yawan taɓawa.

Kamar ɗan kasuwar Dole ne a Damagaram, gero na cikin sito, lissafi na cikin aljihu. Yaron shago ya sauke sababbin buhuna bai faɗa ba, maigida na ta ciniki da tsohon lissafi. Haka na'ura ke zuba sabon bayani a RAM, farosesa kuma ya karanta tsohon kwafi daga kash. Ko kuma akasin haka: farosesa ya rubuta, rubutun bai sauka RAM ba tukuna, na'ura ta kwashi tsohon abu.

A farosesocin x86, kayan lantarkin da kansu ke sa ido kan wannan zirga-zirga su daidaita komai. Yawancin farosesocin MIPS da farosesocin ARM da dama ba su yin haka, sai kanel, zuciyar tsarin aiki, ya ɗauki nauyin. Kafin na'ura ta karanta, a juye kash cikin RAM. Kafin farosesa ya duba abin da na'ura ta kawo, a soke kwafin da ke kash. A Linux, wanda wayoyin Android ke tafiya a kansa, akwai umarnin da masu rubuta manhaja ke kira: dma_alloc_coherent don ware wuri a RAM da ba ya buƙatar wannan hidima, da dma_map_single da dma_sync_single_for_cpu don sauran.

Inda abin ya fi wuya shi ne kash ba ya aiki da bait, wato ƙaramin ma'aunin bayani, ɗaya ɗaya, layi guda yake ɗauka, galibi bait 64. Idan wurin DMA ya haɗa layi da wani bayani na daban, taɓa maƙwabcin kawai na iya sa a mayar da tsohon layin kan abin da na'ura ta rubuta, ko sokewar ta tafi da bayanin maƙwabcin. Irin wannan ɓarna ba ta bayyana kullum, shi ya sa gano ta ke cin rai. Saboda haka Linux ke da wani saiti mai suna ARCH_DMA_MINALIGN, mai sa wurin da aka ware ya fara daidai kan iyakar layi.