Zumuncin 'Yan Aji Ɗaya Bayan Furfura Ta Fito: Tambayoyi da Amsoshi

Littafin ƙungiyar 'yan ajinmu na firamare a hannuna yake, a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Saboda haka nakan haɗu da masu tare ni a kasuwa ko wajen ɗaurin aure, su ce su ma suna so su tattara nasu abokan karatun, ta ina za su faro. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da abin da na gani da idona.

Malam, da can a birni aka san ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Me ya kawo su karkara yanzu?

Gaskiya ne, manyan makarantu ne suka riga mu. 'Yan Kwalejin Rumfa suna da RUMFOBA, 'yan Birnin Kudu suna da BIKOBA, waɗanda suka fito daga makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, suna da KASSOSA. Mu a ƙauye ba mu da yawan da za mu yi ƙungiya sai da shirin UPE, na ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, ya zo a 1976. Kafin nan yaro ɗaya ko biyu ake ɗauka a gari, shi ma sai dagaci ya sa baki. A shekarar nan aka kwashe mu gaba ɗaya, ɗan shekara shida da ɗan shekara tara a aji guda, wasu a gindin bishiya don babu ɗaki. Waɗannan yaran su ne yau suke dab da sittin.

Sai rayuwa ta watsa mu. Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a watan Agustan 1991, ma'aikatan da asalinsu na nan ne suka tattara suka koma Dutse, abokansu suka zauna Kano. Wasu ci-rani ya riƙe su a Kudu. Wayar hannu ta shigo a 2001, ta fara haɗa waɗanda suka ɓace wa juna. Amma babban dalilin shekaru ne. Ɗan shekara talatin neman abin kai wa baka yake yi, ba ya da lokacin cigiyar wanda suka zauna benci ɗaya. Sai ya fara jin sanarwar rasuwar tsararsa sannan yake waiwaye.

Mutum yana da 'ya'ya da dangi. Me abokin aji zai yi masa da su ba za su yi ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini. Dattijo a gidansa Baba ne, a masallaci Alhaji ko Malam, a gona mai gida. Kowa rusuna masa yake yi. Girman nan yana da daɗi, amma yana toshe baki. Mutumin da fitsari ya fara yi masa wuya da dare ba zai iya gaya wa ɗansa ba, balle surukarsa. Wanda bashi ya yi wa katutu, ko ya jinginar da gona a ɓoye, ba zai buɗe wa ƙaninsa ciki ba, don kada girma ya faɗi. Abokin aji kuwa da sunan yanka yake kiranka, ko da laƙabin da aka sa maka a aji uku. Ya ga ranar da aka zane ka a kan makara, ya san lokacin da ba ka da takalmi. Babu sauran abin da za ka ɓoye masa, kuma abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.

Akwai wani cikinmu da ya daina fitowa majalisa bayan Magariba. Iyalinsa sun ɗauka tsufa ne kawai. Wani ɗan ajinmu ne ya je gaishe shi, ya miƙa masa hannu, ya ga ya lalubo gefe. Ya ce masa, "Kai, ba ka gani ko?" Ya yi shiru, can ya ce ya fi shekara yana ganin hazo, ya daina karanta Alƙur'ani sai abin da ya haddace. Yanar ido ce. Ya ƙi faɗa ne don kada a ce ya zama kaya. Muka kai shi Kano aka yi masa aiki, aikin da ba ya ɗaukar dogon lokaci, ya dawo yana karatunsa. A gidan nan babu wanda zai iya ce masa "ba ka gani ko?" kai tsaye. Tsara ne kaɗai yake da wannan bakin.

Sannan ga kaɗaici. Ma'aikaci yakan ajiye aiki a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Wata uku bayan haka wayarsa ta yi tsit. Manomi ba ya ritaya, amma ranar da gwiwa ta hana shi zuwa gona da kasuwa, shi ma duniyarsa ta koma soro. Ban raina hidimar 'ya'ya ba, Allah Ya yi musu albarka, sai dai ɗa yana kawo cefane ne, ba ya kawo hira.

Ta yaya za mu nemo waɗanda suka ɓace?

Ku fara da makarantar, ku roƙi hedimasta ya duba muku tsohuwar rajista in tana nan. In gara ta cinye ta, ku zauna ku uku ko huɗu ku bi aji benci-benci, sunaye za su dawo. Sai ku bi kasuwanni, don nan labarin mutumin karkara yake: Gujungu ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a. Mata kuma da sunan gidan ubansu ake cigiyarsu. Taron farko a sa shi washegarin Sallah, lokacin da na nesa suke gida.

Idan muka buɗe zauren WhatsApp, ai magana ta ƙare ko?

Ba ta ƙare ba, nan ma ake yin kuskuren. Zauren yana tara masu babbar waya, su ne ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda dama ba su ne suka fi bukatar a neme su ba. Wanda ya fi bukata yana can da ƙaramar waya, in ma akwai, caji sai an kai wa mai janareta a bakin kasuwa. Sai ka ga ana ta barka da Juma'a a zaure, alhali ɗan aji yana kwance sati uku ba wanda ya sani.

Abin da muka yi shi ne muka ɗaura wa kowane mai babbar waya mutum ɗaya ko biyu daga cikin marasa ita. Shi zai kira su, shi zai kai musu labari, shi za a tambaya in an ji shiru. Saƙon murya ya fi rubutu, don idanu sun yi rauni. Siyasa kuma mun hana ta shiga, don na ga zauren da zaɓen 2023 ya tarwatsa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma waya ba ta soke wannan ba.

Kuɗi fa? Shi ne yake raba kan mutane.

Shi ne. Kada a yanka adadi ɗaya a kan kowa. Idan aka ce kowa naira 2,000 a wata, mai albashi ba zai ji ba, manomi kuwa a tsakiyar damina ba shi da ita. Zai kasa biya wata biyu, kunya ta kama shi, ya daina zuwa taro. Kun kori wanda aka yi ƙungiyar dominsa ke nan. Mu mun bar masu albashi da fansho su riƙa zubi wata-wata, manoma su kawo nasu da kaka, tiya biyar ko goma ta gero, dawa ko shinkafa, gwargwadon abin da Allah Ya hore. Hatsin nan a ajiye shi sai Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, farashi ya hau. A lokacin buhu ɗaya ya fi kuɗinsa daraja. Da aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kuɗinmu yana banki ba ya fitowa, hatsin ne ya yi mana rana.

Asusu ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su sa hannu kafin a cire. A karanta lissafi da babbar murya a kowane zama, ko da ba wanda ya nema. A rubuta tun farko abin da aka tara kuɗin dominsa. A ganina uku ne: rashin lafiya, mutuwa, da iftila'i irin gobara ko ambaliya, kamar wadda ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Auyo da Haɗeja a 2022. Biki da suna kowa ya kai gudunmawarsa daga aljihunsa, don in aka buɗe wannan ƙofa asusun ba zai kai watan Sallah ba.

Rance kuwa, ina roƙonku kada ku ba da shi daga asusu. Wanda ya ci bashin ƙungiya ya kasa biya, hanya yake sauyawa in ya hango ɗan aji. In kun ga ɗan'uwa a matse, ku ba shi kyauta ko kaɗan ce.

Cikinmu akwai wanda ya zama babba a gwamnati, akwai mai faskare. Ya za a zauna ba a ci fuskar wani ba?

A shimfiɗa tabarma ɗaya, a ci a tire ɗaya. Kada a jera kujerun manya a gaba. Taro ya riƙa zagayawa, ya je gidan mai faskaren kamar yadda yake zuwa gidan darakta, ƙungiya ta ɗauki nauyin abinci don kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba.

Taimako kuma a yi shi da sutura. Mutum biyu su kai da dare, ba hoto, ba sanarwa a zaure. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne in ga an tsayar da dattijo kusa da buhun shinkafa an ɗauke shi hoto ana yaɗawa, jikokinsa suna gani. Allah Ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, ayar tana cikin suratul Baƙara. Kuma a riƙa neman taimakonsa shi ma. Shi ne yake zaune a gari, shi ya san wanda ba shi da lafiya, shi zai duba maka gona, shi ya san inda za a sami iri mai kyau. Wanda ake nema da bukata ba ya jin kansa a matsayin mabaraci.

Wane abu na lafiya za mu iya yi da kanmu?

Ku sayi na'urar awon hawan jini guda ɗaya. Da wuya a rasa malamin asibiti ko ɗan wani da ya iya aiki da ita. A auna kowa a kowane zama. Wanda awonsa yake kai 140/90 ko fiye, ba sau ɗaya ba, a raka shi asibiti. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana jin garau sai faɗuwa. Wanda aka ɗora a kan magani a riƙa tambayarsa ko yana sha, don da yawa suna dainawa da sun ji sauƙi, ko in kuɗi ya yanke. Haka ciwon suga. Kuma kada wani ya ba wani nasa maganin don wai ciwonsu iri ɗaya ne.

Kowa ya san alamun shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. In aka ga haka mota ake nema nan take, a yi addu'ar a hanya, ba a jira gari ya waye.

A nan 'yan birni suke da babban amfani. Baƙauyen da aka tura Asibitin Malam Aminu Kano, ko Murtala, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, abin da yake fara karya shi masauki ne da rashin sanin ƙofar da zai nufa. Ɗan ajin da ya ba shi ɗaki ya tsaya masa a layin kati ya yi masa rabin jinya. Ku kuma tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya, KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa.

Matan da muka yi aji tare da su fa?

Yawancinsu an cire su an yi musu aure kafin mu gama, amma 'yan aji ne. Suna da nasu reshen da shugabarsu, suna zama a cikin gida da sanin mazajensu, asusu kuma ɗaya ne. Su ne ma suka fi mu ƙafa. Da dama cikinsu yanzu mazan sun rasu, kuma mai takaba wata huɗu da kwana goma take zaune a ɗaki, ba mai shiga ya ɗebe mata kewa sai 'yar'uwarta mace.

Idan ɗaya ya rasu, shi ke nan an rufe shafinsa?

Ranar jana'iza da zaman makoki gida cike yake, ba a rasa mutane. Bayan sati biyu ne ake gane an yi rashi, tabarmi sun koma gidajen masu su, tukunya tana jiran abin dafawa. Lokacin ya kamata 'yan aji su koma. In ma'aikaci ne, wanda ya san kan ofis ya riƙe wa iyalin takardun haƙƙinsa har su fito, don matar da ba ta taɓa zuwa Dutse ba ba za ta iya wannan zirga-zirgar ba. In manomi ne da ƙananan yara, a haɗa gayya ko a biya 'yan ƙwadago a nome gonarsa a daminar farko, don kada a sayar da ita saboda yunwa.

Muna kuma jawo manyan 'ya'yan mamacin. Ya zo a hadisi cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sadar da zumunci ga abokan mahaifinsa bayan ya rasu, to sai mun buɗe musu ƙofa za su san mu. A littafinmu ba na soke sunan wanda ya rasu. Nakan rubuta ranar a gefe, in sa sunan babban ɗansa ko uwargidansa a ƙasa, wanda aka ɗaura masa shi tun yana raye ya ci gaba da leƙa gidan. A Sallar da ta wuce wani saurayi ya shigo zamanmu, ya durƙusa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya yana cewa Baba, sannan ya ajiye tiya biyar ta gero, ya ce zubin mahaifinsa ne na bana.