Ƙarar bugu a ƙarƙashin tsofaffin motoci masu ja da taya huɗu

Ƙarar bugu ita ce "gwaf" ɗin nan guda ɗaya, wani lokaci biyu a jere, da ke fitowa daga ƙarƙashin mota idan direba ya saki kuloci, ya sa ribas, ko ya ɗaga ƙafa daga totur ya sake takawa. Ta bambanta da kukan boris, wanda ke ƙaruwa da gudu, ta kuma bambanta da karkarwar da ake ji a kujera. Tushenta rata ce: wani ƙarfe ya cinye ya bar fili tsakaninsa da ɗan uwansa, ƙarfin inji kuma ya zo ya gwara su. An fi jin ta a motoci masu ja da taya huɗu, waɗanda a Nijar ake ce wa kat-kat, saboda suna da farfela biyu (dogayen sandunan da ke kai juyin inji gaba da baya), aksul biyu (masu raba juyin ga tayoyin hagu da dama), da akwatin raba ƙarfi wanda a gareji ake kira ogzilari. Kowane mahaɗi da 'yar ratarsa tun daga kamfani, shekaru kuwa ƙara ta suke yi.

Asalin sassan

Kuros, wato ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke kowane bakin farfela, ya girmi mota nesa ba kusa ba. Ana jingina shi ga Gerolamo Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16, kuma daga sunansa Faransanci ya samo kalmar da kanikawan Nijar ke furtawa kardan. Akwai saɓani kan ko shi ya ƙirƙiro shi. Wajejen 1670 Robert Hooke na Ingila ya nazarci mahaɗin, ya gano cewa idan ya karkata, juyin da yake bayarwa ba ya tafiya daidai: yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye, sai an sa wani kuros na biyu a saitinsa sannan ya gyaru. Dalilin ke nan har yau ake yi wa farfela alama kafin a raba ta. Clarence Spicer na Amurka ya samu rajistar nasa samfurin na mota a 1903, ya soma ƙera shi a 1904.

Tayar gaba tana ja tana kuma shan kwana, don haka kuros ɗaya ba ya ba ta juyi daidai a kwana. A ƙarshen shekarun 1920 Alfred Rzeppa, injiniya a kamfanin Ford, ya fito da mahaɗi mai ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, wanda ke juyi daidai ko a karkace. Kamfanin Birfield na Ingila ya ƙera irinsa, sunan ya bi shi, kuma shi ne ke cikin gwiwar aksul ɗin gaba na Toyota Land Cruiser. Motar ta fito a 1951, ta samu wannan suna a 1954. Samfurin 60 ya zo a 1980, na 70 a 1984, na 80 kuma a 1990. Da yawa daga cikin na 80 kullum da taya huɗu suke ja, abin da ya sa sassan gabansu ba sa hutawa.

Lokacin da ƙarar ke zuwa

Bakanike mai hankali tambaya yake fara yi kafin ya ɗauki sifana. Bugu lokacin sauya giya daga gaba zuwa ribas, ko taka totur da sakinsa, yana nuna kuros, haƙoran cikin aksul, ko robar da inji da giyabos ke zaune a kai. Idan kuwa sai mota ta tsaya cik, ko tana shirin tashi, a ji kamar an ɗan tunkuɗe ta ta baya, to galibi wuyan farfela ne, inda ɓangare ɗaya ke shiga cikin ɗaya yana zamewa: giris ya bushe, ya cije, sannan ya saki gaba ɗaya. "Ƙas-ƙas-ƙas" a kwana da sitiyari a ƙure alamar Birfield ce. Ƙarar da ba ta zuwa sai a gargada ko rami, ko da giya na firi, ba ta hanyar ƙarfi ba ce. A duba bushin, shokozoba da ƙusoshin sifirin.

Bincike a ƙasa

Ana tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri ko kan rami, a kashe inji, a sa wa tayoyi waigi gaba da baya, a mai da giya firi domin farfela ta huta daga nauyi. Hannu ɗaya ya riƙe farfela, ɗayan ya riƙe bakin aksul, a murɗa su saɓanin juna, sannan a tura sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan. Jan gari kamar na tsatsa a bakin kofunansa shaida ce cewa allurorin ciki sun bushe sun fara niƙewa. Akwai kuma wanda ya ƙage, ba ya wasa sam, wannan sai an sauke farfela an lanƙwasa shi da hannu ake gane shi.

Bakin aksul yana ɗan juyawa hagu da dama kafin taya ta amsa, kuma wannan ba laifi ba ne, domin ratar wurare uku ko huɗu ce ta taru. Kanikawa ba su daidaita kan iyakar da za a ce ta wuce kima ba. Ma'aunin da ake dogaro da shi ana yin sa ne da agogon awo a kan haƙorin babbar giyar da ke cikin aksul, kuma a aksul ɗin Toyota yana tsakanin milimita 0.13 da 0.20, gwargwadon samfuri. Amma idan bakin yana motsi sama da ƙasa, ko ciki da waje, tare da yoyon mai, boris ɗin ƙaramar giyar da ke juya babbar ne ya saki. Ɗaure notin bakin aksul da ƙarfin tsiya ba ya gyara shi. Yana ƙara matse zoben tazara da ke tsakanin boris biyun, su yi zafi su ƙone.

Man aksul ma yana ba da labari. Laushin toka-toka a kan maganaɗisun marfin zubar da mai abu ne da aka saba gani. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli yana nufin haƙori ya fara karyewa, mai kalar madara kuwa ruwa ne ya shiga.

Wurare biyu sun yi suna. A Land Cruiser samfurin 80, haƙoran farantin da ke tsakiyar tayar gaba suna cinyewa: a cire 'yar hular tsakiya, a ɗaga tayar a juya ta, za a ga farantin na motsi bakin sandar aksul na tsaye. A samfurin 60 kuwa haƙoran sandar da ta fito daga giyabos ta shiga ogzilari ne ke cinyewa, gyaransa kuma sai an sauke.

Raba gaba da baya

Motar da ake sa wa ja huɗu da hannu, idan an buɗe makullan tayoyin gaba aka bar ta a 2H, wato ja da tayoyin baya kawai, gabanta ya fita daga lissafi. Mai ja huɗu kullum kuwa sai a sauke farfela ɗaya, a kulle tsakiya, wato giyar cikin ogzilari da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, a taka a hankali. Idan ƙarar ta ɓace, tana ɓangaren da aka cire. Ba a yin haka a motar da wuyan farfelarta ke shiga cikin ogzilari kai tsaye, domin mai zai tsiyaye.

A motar da ake sa wa ja huɗu da hannu, ko wadda aka kulle tsakiyarta, ja huɗu a kan kwalta yana kawo bugun da ba lalacewa ba ce: tayoyin gaba da na baya ba sa cin tafiya ɗaya a kwana, sanduna su murɗe, su saki da ƙara, sandar da direba ke sa ogzilari da ita ta ƙi fita sai an ɗan yi ribas. Tayoyi masu girma daban-daban ma suna jawo haka.

Gyara

Ana matsa wa kuros giris mai lamba 2 har sabo ya ɓullo ta bakuna huɗun. Wuyan farfela matsi kaɗan yake so, a tsaya da zarar ya fara miƙewa, don in ya cika maƙil yana danna boris ɗin ogzilari. Birfield giris mai sinadarin moli ake sa masa, aksul kuma man giya GL-5. Wasu masu aiki da waɗannan motoci a rairayi da fadama suna yin giris duk lokacin juyen baƙin mai, da kuma bayan kowane tsallaken ruwa. Kuros da ya riga ya fara wasa ba ya jin giris, sai canji.