Masu yoga, dan Allah ku daina jin kunyar bulo da bel

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Ni aikina gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi ne, fisiyo kenan, kuma masu zuwa min da ciwon da suka kwaso a yoga, wato motsa jikin nan na miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi, sai ƙaruwa suke. Wannan ya shigo yana ɗingishi, waccan wuya ya sanƙare ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya, wani kuma zama ma ya gagare shi saboda zafi a ƙasan mazauni. In na ce da me kake tallafa jikinka, bulo (ɗan katako ko roba mai siffar bulo da ake dafawa) ko bel (ɗamarar da ake riƙo ƙafa da ita) ko bargo? Amsar kusan ɗaya ce, "ai wannan na tsofaffi ne", ko kuma "wanda nake kallo a bidiyo ba ya sa komai". Haba dai!

Shi wanda kake kallo ɗin shekara nawa ya yi yana abin nan? Kai jiya-jiya ka fara, ka wuni zaune gaban kwamfuta bayan cinyarka ya ɗaure tamau, sannan ka ce dole sai tafin hannunka ya taɓa ƙasa yau ɗin nan, kana dannawa da ƙarfin tsiya kana cije leɓe har numfashi yana ɗaukewa. Jijiyar da ta riƙe naman bayan cinya a jikin ƙashin mazauni ita ke tsagewa a hankali, kuma jijiya ba ta saurin warkewa kamar tsoka, wata da watanni za ka yi kana jinya. Bulo biyu kawai za ka ajiye a gabanka ka dafa, ka ɗan sassauta gwiwa, shi kenan fa. Amma girman kai ya hana.

Kuma masu cewa kayan ragwaye ne, kun san wa ya yaɗa su a duniya? B.K.S. Iyengar ne, babban malamin yoga na Indiya, an haife shi 1918 ya rasu 2014 yana da shekara 95. Yana yaro ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka, ya san yadda jiki mara ƙarfi yake. A cibiyar da ya buɗe a birnin Pune a 1975 bulon katako da benci da igiyoyi a jikin bango su ne kayan aiki, ƙwararru ma da su suke yi. To kai wane ne da za ka ce ka fi ƙarfin bulo?

Na san da yawanku ciwon baya ne ya kawo ku yoga, wasu rashin barci, wasu gajiyar rai, kuma wallahi ina jin daɗin ganin mutum ya tashi yana motsa jikinsa. Shi ya sa abin ke ƙona min rai, ka zo neman sauƙi ka koma da sabon ciwo.

Wuya ne ya fi ba ni tsoro. Tsayuwar nan da ake ɗaga ƙafafu sama a kan kafaɗa, mutum ya yi ta a kan tabarma zalla nauyinsa duk ya taru a ƙashin wuya. Bargo biyu ko uku ake ninkewa a sa ƙarƙashin kafaɗu, kai ya sauka ƙasa da bargon, wuya ya samu sarari, kuma kar ka juya kai kana cikinta. Gwiwa ma haka, kwankwaso bai buɗe ba ka kama ƙafa ka murɗo ta kan cinya dole, guringuntsin gwiwa ne zai biya bashin.

A gurguje:
- Ka zauna ka ga gwiwoyi sun fi ƙugu tsawo, hau kan bargo a ninke.
- Hannu bai kai yatsun ƙafa ba, zagaya bel a tafin ƙafa ka riƙe, baya a miƙe, ba fizga ba. Tawul ma ya yi.
- Bulo tsayi uku gare shi gwargwadon gefen da ka ajiye shi a kai, fara da mafi tsawo.
- Tsayuwa a ƙafa ɗaya, jingina da bango ko ka dafa kujerar da ba ta zamewa.
- Filo a ƙarƙashin gwiwa in za ka kwanta rigingine.

Mai hawan jini, mai hawan jinin ido, mai juna biyu, da wanda aka ce ƙashinsa ya yi laushi, bulo ba zai ba ku lasisin kifa kai ƙasa ba, ku ga likita tukuna. Jan da nama ke yi a hankali ba komai, amma zafi mai suka a cikin gaɓa, ko hannu ya fara mutuwa yana tsira-tsira, tsaya nan take. In ya kwana biyu bai lafa ba ka zo a duba, kar ka ce bari in ƙara miƙe shi ya saki, wannan miƙewar ce ke ƙara yaga wurin.